Amsoshin Tambayoyinku: Wa Ya Fasa Sabuwar Kwalta?

Jama'a, barkanmu da warhaka. Wasiƙu sun taru, lokaci kuma ba ya jira, sai a yi mana haƙuri.

Wani bawan Allah daga Funtuwa yana tambaya ko yana da haƙƙin sanin nawa aka ware wa titin garinsu. Ƙwarai kuwa, malam. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ka damar rubuta wa ma'aikatar, su kuma kwana 7 gare su su amsa. Amma fa a rubuce, ba a teburin mai shayi ba.

Sai tambayar da ta fi yawa a jakarmu. Wata Hajiya daga Zariya ta ce: "An zuba mana kwalta, ko wata uku ba a yi ba aka zo aka fasa, wai za a binne bututun ruwa. Shin hukumomin nan ba sa magana da juna ne?" Injiniya, ga ka ga Hajiya.

Injiniya: To Hajiya, ai ƙarƙashin titi wani gari ne daban. Ga bututun ruwa, ga wayar intanet, wani wurin har da ta lantarki. Ina tuna lokacin da muke makaranta, malaminmu na safiyo...

Injiniya, a bar makaranta tukuna. Suna magana ko ba sa yi?

Injiniya: Suna yi, amma sai aski ya zo gaban goshi. Hukumar ruwa da taswirarta, kamfanin waya da tasa, ma'aikatar ayyuka da tata, kowa ya kulle a durowa. Wata taswirar ma ta tsufa, an karkatar da bututu ba a gyara zane ba. Kuɗin kowa kuma da lokacin fitowarsa. Sai mai katafila ya kafa haƙori ya tsinke waya, rabin gari babu sabis, masu POS su wuni suna hamma. Ai shi ya sa a 2024 gwamnatin tarayya ta sa kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin da doka ta kare.

Hajiya, kin ji ko? In maimaita: mai zuba kwalta bai ga taswirar mai ruwa ba, mai ruwa bai san ranar zuba kwalta ba. Ni dai a ganina, kafin katafila ta shigo layi a zaunar da su ɗaki ɗaya, a kira mai unguwa, don sau da yawa dattijon nan ya fi takardar sanin inda bututu ya bi.

Mai tambaya kan gadar sama, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.