Amsoshin Tambayoyinku: Hoto dubu shida, siffa ta ƙi fitowa

Jama'a, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙarmu ta farko ta fito daga wani ƙauye kusa da Birnin Kudu a jihar Jigawa. Mai tambayar ɗalibi ne. Ya ce ya ɗauki hotunan duwatsun yankinsu da ƙaramin jirgi maras matuƙi, har hoto 6,000, yana so kwamfuta ta haɗa su ta fitar da siffar wurin mai tsawo da faɗi da zurfi. Ya yi amfani da Gaussian Splatting, wata dabarar gina siffar wuri daga hotuna, bai taɓa saitin ba, sai abin ya fito dishi-dishi. Ina matsalar take?

To ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari, kuma matsalar lissafi ce. Wannan dabara masu bincike a Faransa da Jamus ne suka fitar da ita a 2023, kuma saitin da ta zo da shi zagaye 30,000 ne na horo, wato koyon siffar wurin da kwamfuta take yi daga hotunan. A kowane zagaye hoto ɗaya tak kwamfuta take dubawa. Su sun gwada ta ne a wuraren da hotunansu 'yan ɗaruruwa ne, inda kowane hoto zai samu kallo wajen sau ɗari. Kai kuwa raba 30,000 gida 6,000, sau biyar ke nan. Yaron da aka biya wa karatu sau biyar ba a tsammanin hadda a wurinsa.

Saboda haka ƙara yawan zagayen. Amma a nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe: suna ƙara wannan kaɗai, su bar sauran. Manhajar tana daina ƙara ɗigogin da take gina siffa da su a zagaye na 15,000, don haka ko ka kai 200,000, in ba ka ɗaga wannan iyaka ba, tsagar dutse da ƙananan zane ba za su bayyana ba. Haka jadawalin da yake rage girman takun da ɗigogin ke yi wajen gyara matsayinsu a kowane zagaye, a kan 30,000 aka ɗaura shi, sai ka miƙe shi ya yi daidai da sabon adadin. Masu manhajar da kansu sun ba da shawarar a rage girman takun idan wuri mai faɗi ne.

Sai dai ɗigogi suna yawa, suna cinye ƙwaƙwalwar katin GPU, wato katin sarrafa hotuna na kwamfuta, wanda tun asali gigabait 24 ake so. In naka bai kai ba, raba wurin gunduwa-gunduwa, ka horar da kowanne daban. Ni dai wannan na fi so wa mai ƙaramin ƙarfi. Kuma ka tace hotunan: na safiyar hazo da na tsakar rana kada su shiga tukunya ɗaya, domin bambancin haske yana cikin abubuwan da suke haifar da wasu gizagizai da ke shawagi a iska a cikin siffar.

Wata baiwar Allah daga Sumaila ta ce wuta takan ɗauke mata ana tsakiyar horo, ta koma farko. Malama, akwai saitin ajiye matakin da aka kai, amma a kashe yake zuwa. Kunna shi, ki sa ya riƙa ajiyewa duk bayan zagaye 5,000, in wuta ta dawo ki ɗora daga nan.

Bari mu ɗauko wasiƙa ta gaba.