Amsoshin Tambayoyinku: Ina Ake Samun Taron Masu Neman Daina Giya?

Mai gabatarwa: Jama'a, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙu sun taru, lokaci kuma ba yawa. Tare da ni akwai likitan ƙwaƙwalwa. Likita, sannu da zuwa.

Likita: Yawwa, sannu da aiki.

Mai gabatarwa: Wani na tambaya ko wanka da ruwan sanyi yana sa maye ya saki mutum. A'a. Aikin hanta ne, kuma ba a yi mata gaggawa.

Sai tambayar da ta fi yawa a wannan mako, kusan duk ba sa hannu. Ɗaya ya ce wai abokinsa yake tambayar wa. To, a gaida abokin! Wani kuma ya ce: "Na daɗe ina sha a ɓoye. Na sha rantsewa na daina, sai in koma. Na ji akwai taron da mashaya ke taimakon juna. Ina zan same shi, kuma asirina zai rufu?"

Likita: Ai abin tun 1935 ya faro, a garin Akron na jihar Ohio a Amurka. Bill Wilson, dillalin hannun jari, ya je can neman kasuwa, ba ta yi ba, ya ji jarabar na taso masa. Sai ya nemi wani mashayi ɗan'uwansa su yi magana, aka haɗa shi da likitan fiɗa, Dakta Bob Smith. Suka lura cewa zama da wanda ya san ciwon yana riƙe mutum. Asalin ƙungiyar Alcoholics Anonymous ke nan, wato AA. A 1939 suka fitar da littafinsu mai matakai 12, yanzu kuwa tana ƙasashe wajen 180...

Mai gabatarwa: Likita, tarihi ya yi daɗi, amma bawan Allahn nan hanya yake tambaya.

Likita: Haka ne. Ya fara da asibiti, sashen lafiyar ƙwaƙwalwa ko cibiyar kula da masu shaye-shaye, galibi su suka san inda ake zama. Ko ya duba shafin AA a intanet, suna kuma da manhaja, Meeting Guide, mai nuna rana da wuri a yankunan da aka shigar. In babu a kusa, akwai tarukan intanet dare da rana, sun yawaita tun annobar korona a 2020. Ka rufe kyamara, ka saurara kawai.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita: asibiti, shafin ƙungiyar, ko taron intanet da kyamara a rufe. To, batun asiri fa?

Likita: Ba rajista, ba kuɗin shiga. Sunanka na farko kawai za ka faɗa. Sharaɗin ɗaya ne, kana son dainawa. Taron iri biyu ne: buɗaɗɗe, wanda kowa zai iya zuwa, da rufaffe, na masu matsalar kaɗai. Mai jin kunya ya nemi rufaffe. Yawanci awa guda ne, kowa ya faɗi abin da ya faru da shi, ba mai katse shi, ba mai yi masa wa'azi. Daga baya ka zaɓi wanda ya daɗe da dainawa ya zama jagoranka, wanda za ka buga wa waya in abin ya motsa. Sai dai rufin asirin amana ce tsakaninsu, ba doka ba.

Mai gabatarwa: Ni dai a ganina, in ka tarar da wanda ka sani a ciki, ai abin da ya kawo ka shi ya kawo shi. Kuma kada ka je sau ɗaya ka ce bai yi ba, kowane zama da yanayinsa, gwada wani. Wanda kuwa ya ce sai ka biya kafin ka zauna, ba AA ba ce, karo-karo kawai suke yi, wanda ya ga dama.

Likita: Ga abin da bai tambaya ba. Wanda ya daɗe yana sha kullum da yawa, kada ya yanke farat ɗaya shi kaɗai. Cikin awa 6 zuwa 24 hannu zai fara karkarwa, ga gumi. Wani ya yi jijjiga kamar mai farfaɗiya. A kwana na biyu zuwa na huɗu wani ya rikice, ya yi ta gane-gane, kuma wannan na kisa. Ya ga likita tukuna, ya faɗi gaskiyar yawan abin da yake sha.

Mai gabatarwa: Kun ji ko? Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Likita tukuna, sannan taro. Wani na tambaya, wai zaman yana amfani kuwa?

Likita: Masana na Cochrane, ƙungiyar da ke tantance binciken lafiya, sun tattara bincike 27 a 2020, suka ga wajen dainawa gaba ɗaya, tsarin kai mutum AA ya ɗara wasu hanyoyin ba da shawara. Ba kowa yake yi wa ba, kuma akwai magunguna irin naltrexone da ake haɗawa.

Mai gabatarwa: Mai tambayar ko AA ta wani addini ce: tushenta na da alaƙa da wata ƙungiyar Kirista, amma ba a tambayar kowa addininsa. Musulmi a Baltimore sun kafa tasu, Millati Islami, a 1989. Wata ƙungiyar taimakon juna kuma, SMART Recovery, ta 1994, ba ruwanta da addini.

Sai wata baiwar Allah da ke son ta ja maigidanta da ƙarfi ta kai shi. Hajiya, wanda aka ja, da wuya ya zauna. Ke ma kina da naki taron, Al-Anon, na iyalan mashaya, wanda matar Bill, Lois, na cikin waɗanda suka kafa a 1951. Fara zuwa can.

Ana yi mini alamar lokaci ya cika. Sauran wasiƙu sai mako mai zuwa. Likita, mun gode.

Likita: Ni ma na gode.