Dodon teku a garin da ake sayen ruwa

HADIZA: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Daga Zango muke, nan cikin Damagaram, a inuwar bedi kamar kullum, don haka in kun ji kukan awaki ku yi haƙuri. Ina tare da Baba Malam da ƙanena Lawali. Baba, ina gajiya?

BABA MALAM: Ba gajiya, 'yata. Sai dai zafi. Wancan littafi da kika aje kan tabarma fa, mai hoton abu kamar igiyoyi?

HADIZA: Shi ne maganarmu ta yau. Kawun ɗiyata ya kawo mata shi daga Kwatano, cikin littattafan gwanjo, da Faransanci. Kwana 3 yarinyar nan ba ta taɓa wanke-wanke ba. Na ƙwace shi da niyyar ɓoyewa, na buɗe shafin farko, wallahi ni ma sai da tuwona ya kama.

LAWALI: Yaya, ashe gado ne.

HADIZA: Kai dai bari. Irin littattafan nan ne na yara da Turawa suke yi. Yara 3 ko 4 sun tafi hutun lakwal wani ƙauye a bakin teku. Akwai doguwar hasumiya mai fitila da ke nuna wa jiragen ruwa hanya, akwai kogo da ruwa ke rufewa in ya taso, akwai wani tsohon masunci da kowa ke cewa ya taɓu. Shi ne zai ce musu kada su je gaɓar nan da dare, dodo na fitowa. To ka san yaro.

LAWALI: Ni na karanta irinsu da yawa lokacin da nake koleji, kuma kusan duk tafiyarsu ɗaya ce. Za a ga wata wuta a kan ruwa. Za a ga sawu a kan rairayi. A ƙarshe sai a gano ba dodo ba ne, 'yan fasa-ƙwauri ne suke sauke kaya da dare, suka farfaɗo da tsohon labari don kada kowa ya leƙo.

BABA MALAM: Wannan ai ba sai an je teku ba. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Magarya ko Matamai da dare ya san abin da ake saukewa a jarka.

HADIZA: Baba, kada a rufe mana shiri!

BABA MALAM: Na yi shiru. Amma ga tambayata. Daga inda muke zaune zuwa teku mafi kusa, ko tsuntsu ne zai tashi, kusan kilomita 1,000 ne. Garin nan kan duwatsu yake, in rani ya yi, mai ga-ruwa ya fi mai kuɗi daraja. Yaron da bai taɓa ganin ruwan da ya fi tafkin unguwarsu ba, me zai ɗauka a labarin igiyar ruwa?

HADIZA: Na tambaye ta. Ta ce ita ba tekun ba ne ya riƙe ta, so take ta riga yaran gane wanda ke kunna wutar. Har takarda ta samu tana rubuta sunayen waɗanda take zargi.

LAWALI: Kuma Baba, dodannin nan ba duka ne ƙarya tsagwaronta ba. Wanda ke kan bangon littafin, mai hannuwa kamar igiyoyi, mutanen Norwe ne suke kiransa Kiraken. Wani babban limamin coci a garin Bergen, Erik Pontoppidan, ya rubuta labarinsa wajen 1752, cikin littafin da ya yi kan halittun ƙasarsu. Masunta sun gaya masa cewa in ya taso, sai ka ɗauka tsibiri ne.

BABA MALAM: Masunci da mafarauci, uwarsu ɗaya wajen ƙarin gishiri.

LAWALI: Sun ƙara gishiri, amma akwai miya. Akwai wata dabbar ruwa mai hannuwa da yawa da Faransawa ke kira "calmar", ƙatuwarta na zaune can ƙasan teku. A 1857 wani masani ɗan Danmak, Steenstrup, ya ba ta suna na kimiyya, daga guntayen jikinta da suka zo hannunsa. Tana kai mita 12, idonta ya kai faifai. Amma ba wanda ya ɗauki hotonta da rai a inda take zaune sai 2004, wasu Japanawa 2, kusa da tsibiran Ogasawara. Bidiyonta kuwa a can ƙasan ruwa sai 2012.

HADIZA: Tsaya, 2012? Ina da waya mai kamara a lokacin fa.

LAWALI: To kin gani. Mutum ya taka wata tun 1969, amma ya sha fama kafin ya ga wannan.

BABA MALAM: Allah mai iko. Ni dama ban musa cewa akwai manyan halittu a ruwa ba, duk wanda ya san ƙissar Annabi Yunusa, alaihis salam, ba zai musa ba. Abin da ke damuna daban ne, kuma ina so ku saurare ni da kyau. Na yi shekaru ina riƙe da alli. Ba abin da ke tayar min da hankali kamar watan Agusta, lokacin da tafkunan garin nan suka cika. Ramukan da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gini, duk sun zama ruwa, samansu lumui, ƙasansu laka mai riƙe ƙafa. Da muna yara, me ya hana mu shiga? Ba katanga, ba ɗan sanda. Kaka ce kawai ta ce akwai dodo a ciki, akwai 'yan ruwa masu jan yaro da tsakar rana. Wannan dodon ya ceci rayuka. Yanzu ku kawo littafin da ke koya wa yaro cewa duk inda aka ce akwai dodo, ya ɗauki tocila ya je ya duba. Ina za a kwana?

HADIZA: Wannan magana ta shige ni, Baba. Ni uwa ce.

LAWALI: Ni ma ban ƙi ta ba. Sai dai dodon Kaka yana da ranar mutuwa. Ran da babban yaro ya shiga tafki ya fito lafiya a gaban ƙannensa, shi ke nan, dodo ya mutu, kuma ba a bar musu komai a madadinsa ba. Ba wanda ya taɓa gaya musu cewa laka ce ke riƙe ƙafa, ko cewa ramin yana da gangara a tsakiya. A littattafan nan masu kyau, yaran sai sun koyi lokacin da ruwa ke tasowa da lokacin da yake janyewa kafin su shiga kogo. Wanda ya yi gaggawa shi ake zuwa cetowa, kuma yana shan faɗa.

BABA MALAM: Masu kyau ka ce. Marasa kyau fa?

LAWALI: Akwai su, da yawa ma. Akwai waɗanda manya duk sakarkaru ne a ciki, yaro ɗan shekara 10 ya fi jandarma wayo. Waɗannan ni ma ba na so.

HADIZA: Amma Baba, ni akwai abin da na tuna ina karatun. Mu ma muna da irin wannan labari, kuma kai ka ba mu shi a aji. Rijiyar Kusugu.

BABA MALAM: Ta Daura.

HADIZA: Ga ta nan kusa da mu. Maciji ya tare rijiya, ba a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Baƙo ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa, aka ce babu. Ya je da dare ya sare kan macijin, ya tafi da kan. Gari ya waye, ga gawa, ba a san wanda ya yi ba. Daurama ta sa a yi shela, masu ƙarya suka fito kowa na cewa shi ne. Aka ce to, a kawo kan. Baba, wannan ba bincike ba ne? Ga dodo, ga ruwa, ga masu da'awa, ga shaida.

BABA MALAM: Ke, 'yar nan! Shekara nawa ina ba da labarin Bayajidda, ban taɓa kallonsa ta nan ba. Kuma lura, dodon namu ba jirgi yake kifarwa ba, ruwan sha yake hanawa. Kowa da abin da yake tsoro.

LAWALI: Ga kuma ayu. Turawa suna da labarin mace mai jelar kifi. Kolombus da kansa, matuƙin jirgin ruwan nan da ya isa Amurka, a watan Janairun 1493, ya rubuta cewa ya ga guda 3 a ruwa, sai dai ba su kai kyan da ake zana su ba. Masana sun ce ayu ya gani. Mu kuwa ayu yana nan a kogin Isa, masunta suna da labarai a kansa ba iyaka, har man ayu ake tallatawa a kasuwa.

HADIZA: Wanda rabinsa man gyaɗa ne.

LAWALI: Ga fasa-ƙwaurin littafinki nan ya fito. Dabba ce da doka ta hana kashewa, ga masu farautarta a ɓoye, ga masu sayar da jabu. Ka sa yara 3 a wani ƙauyen bakin kogi, an gama.

BABA MALAM: Yaudara dai ba ta da ƙasa. Wani tafki a Sikotilan fa, da na taɓa jin ana cewa an ɗauki hoton dodo?

LAWALI: Tafkin Nes. Hoton 1934 ne, wuya dogo ya fito daga ruwa. Shekara 60 ana gardama a kansa, sai a 1994 aka tona cewa ɗan jirgin wasan yara ne aka liƙa wa kai. Har yau masu yawon buɗe ido ba su daina zuwa ba. Amma ni, Baba, abin da na zo da shi yau ya fi wannan. Ka ce ba mu da teku. Mun taɓa yi.

BABA MALAM: A Nijar?

LAWALI: A Nijar. Kimanin shekaru miliyan 70 da suka wuce, wani reshen teku ya ratsa Sahara, ya kwanta a kan ƙasar da yanzu take jihar Tawa har zuwa Sakkwato. Shi ya sa ake tsintar haƙoran kifaye da ɓawon dabbobin ruwa a kan tuddan Adar. Kuma akwai wasu manyan dabbobi, dangin ƙadangare ne amma a teku suke, da baki cike da haƙora. An samu ƙasusuwansu a can. Ɗaya ma sunan Goronyo aka sa masa, Goronyosaurus.

HADIZA: Goronyon Sakkwato?

LAWALI: Ita fa. Dodon teku ne na gaske, da sunan garin Hausa. In kuma kika haura Gadufawa, kudu maso gabas da Agadas, can aka haƙo kadan nan da ake kira Sarcosuchus. Wani Bafaranshe, Philippe Taquet, ya yi aiki a wurin a shekarun 1960, daga baya Paul Sereno na Amurka ya koma a 1997 da 2000. Kan kaɗai ya kai mita ɗaya da rabi, jikin ya haura mita 9. Shi a kogi ya zauna, shekaru miliyan 110 baya. Duk wanda ya je gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai zai ga ƙasusuwan irinsa.

BABA MALAM: Na gan su, na kai 'yan makaranta sau ɗaya. Wani yaro ya tambaye ni ko shi ne Dodon tatsuniya, wanda ya haɗiye yarinya. Na ce masa ya rufe min baki. Yau da zai sake tambaya, da na zauna mun yi magana.

HADIZA: To mu gwada mana. In mu ne za mu rubuta, da Hausa, ina za mu kai yaran?

LAWALI: Gidimuni. Ga tafki, ga dabino, ga lambuna, kuma kan hanyar Gure take, yaro zai iya cewa na san wurin. Yara sun je hutu gidan kakarsu. Ana cewa wani abu yana fitowa daga ruwa da dare, an ga sawu, masu lambu sun daina kwana a gona.

HADIZA: Sai ƙaramarsu ta tsinci haƙori a cikin laka, tsawon yatsa, mai nauyi kamar dutse.

BABA MALAM: Dakata. Haƙorin Gadufawa me ya kawo shi Gidimuni? Ƙasar ba ɗaya ba ce.

LAWALI: Baba, ai ka kama bakin zaren! Tambayar da yaran za su yi ke nan. Ba daga ruwan ya fito ba, faɗowa ya yi daga buhu. Wasu ne ke satar ƙasusuwan daga arewa, suna ɓoye su a bakin tafki kafin su tsallaka da su iyaka.

BABA MALAM: To, na yarda, amma da sharaɗi 2. Na farko, ba yaron da zai sa ƙafa a ruwa sai da masunci a gefensa. Na biyu, kakar nan kada a mai da ita sakarya. Ita ce za ta fara cewa sawun nan ba na dabba ba ne, don dabba ba ta taka ƙasa da nauyi iri ɗaya.

HADIZA: Kuma a bar abu guda da ba a warware ba. A nawa littafin, bayan an kama mutanen, yarinyar ta waiwaya ta ga wani abu ya nutse can nesa. Ɗiyata ta kwana tana tambayata mene ne.

BABA MALAM: Me kika ce mata?

HADIZA: Na ce ta tashi ta wanke kwanuka.

LAWALI: Yaya, ni dai a ba ni aron littafin.

HADIZA: Bi layi, Baba ya riga ya sa shi a aljihun babbar riga, ina kallonsa. Jama'a, an fara kiran la'asar a Birni. Wanda kakarsa ta taɓa ba shi labarin abin da ke cikin tafkin unguwarsu, ya aiko mana da muryarsa, da sunan tafkin. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.

BABA MALAM: Ranar Juma'a zan maido shi. Shafi nawa ne ma?