Ɗalibi mai jinya: inda jadawalin karatu yake rushewa

[Hoto: ɗakin lacca da ƙarfe 2 na dare, wasu sun kifa kai a kan benci]

Da zarar jarabawa ta ƙarato sai jadawalin nan ya dawo yawo a WhatsApp: karatu awa 16, barci awa 3. Masu kwafarsa da yawa ba karatu kaɗai ke gabansu ba. Wata tana da mahaifiya kwance a asibiti, wani shi ke kai ƙannensa makaranta kafin ya kama hanyar lacca.

Mako guda awa 168 ne. Cire lokacin lacca, sallah, cin abinci, wanki da zaman mota. Wannan kowa ya iya. Wurin da ake kuskure shi ne abin da ake fara rubutawa a takardar. Yawancinmu karatu muke fara sawa, sai jinya, abin da ya rage a ba barci. Ku juya takardar. Barci ake fara rubutawa, awa 7 ga baligi, sannan sauran su nemi wuri.

[Hoto: zanen zagayen barci]

Ga dalili. Barci zagaye-zagaye yake zuwa, kowane zagaye kusan minti 90. A farkon dare barci mai nauyi ya fi yawa, gab da asuba kuma na mafarki. A cikin waɗannan zagaye ƙwaƙwalwa take tattara abin da ka karanta ta adana shi. Masu hadda sun daɗe da sanin haka: a biya karatu da daddare, a kwanta, da asuba sai a ji ya zauna. Wanda ya kwana yana bita ya shiga jarabawa ido ja, kamar ya wanke allo ne kafin karatun ya kama.

To, ku saurari nan da kyau, musamman masu jinya. Awa 7 da aka tsinto gutsure-gutsure ba daidai take da awa 7 a jere ba. A ɗakin majinyata nas za ta zo allura, ƙarin ruwa zai ƙare, Mama za ta nemi a kama ta zuwa banɗaki. Duk tashin da aka yi, zagayen ya katse. Shi ya sa mutum zai ce ai ya kwanta tun bayan Isha'i, amma gari ya waye kansa kamar an ɗora masa dutse.

Maganin shi ne a raba dare tsakanin mutum biyu. Ɗaya ya kwanta daga ƙarfe 9 zuwa ɗaya da rabi, sannan ya karɓi jinya, ɗayan ya kwanta har 6 in ban da tashin sallah. Awa huɗu da rabi ke nan, zagaye uku. Wannan na lalura ne, kada ya zama na kullum. A cike da ƙailula ta minti 20 bayan Azahar, a saita ƙararrawar waya, don in ta wuce rabin awa sai a faɗa barci mai nauyi a tashi da kasala. Kada mutum ɗaya ya yi dare biyu a jere, daren jarabawa kuma wani ne zai kwana.

[Hoto: teburin mai shayi]

Shayi, Nescafé, goro da lemon ƙara kuzari duk sinadarin kafin (caffeine) mai hana barci ne a cikinsu. Bayan kamar awa 5, rabinsa yana nan a jini. Kofin da aka sha da Magariba yana aiki har tsakar dare. A tsaya daga La'asar.

Sauran a gurguje. A rubuta sunan kowane magani da lokacinsa a takarda ɗaya, mai karɓar jinya ya karanta kafin a tafi, don kada a maimaita ko a tsallake. A sanar da malamin da ke kula da ajinku tun kafin a rasa gwajin aji, da takardar asibiti a hannu, domin jami'o'i da dama suna neman halartar kashi 75 cikin 100 na lacca kafin a zauna jarabawa.

Abin da yake damuna ƙwarai shi ne yadda ake jibge wa 'ya mace komai. Gaskiya ne Yaya ba zai kwana a ɗakin mata ba, amma sayo magani, karɓo sakamakon gwaji, kawo abinci da zaman rana duk zai iya, ƙanwarsa ta samu ta runtsa ta je lacca.

Duk wanda ya kwana jinya kuma, in ya ji gyangyaɗi yana fizgarsa, ya ajiye babur ɗin nan a asibiti ya hau A Daidaita Sahu.