Ana ɗaukar wasan likitan dabbobi a ruga, bayan garin Ngaundere

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da war haka. Yau ba cikin gari nake ba, na fito wata ruga a bayan Ngaundere, nan jihar Adamawa ta Kamaru. Wasu samari ne ke ɗaukar wasan talabijin kan rayuwar likitan dabbobi a karkara, suka ce in zo in ba idona abinci. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, tudu ne nan, sanyinsa kamar na Jos.

Ga shanun can, gudale ne, masu gajeren ƙaho da babban tozo, irin da aka san yankin nan da su. Tun asuba ma'aikata suka kafa kyamara, domin darakta yana son hasken safiya. Da farko abin ya zo masa daidai, don da damina makiyayi ba ya kora garke sai raɓa ta bushe, saboda tsutsar ciki. Amma da hantsi ya yi, Ardo ya ɗaga sanda ya ce shanu za su tafi kiwo, ko an gama ko ba a gama ba. Darakta ya roƙi minti goma. Ardo ya ce, "Ɗana, yunwar saniya ba ta san fim ba." Aka naɗe waya.

Wancan farin allon da suke haska fuska da shi, sun ajiye shi tuni. Ɗaga shi ɗaya aka yi, garke ya watse, saura kaɗan wani bijimi ya bi ta kan mai riƙe makirfo. Janareta ma sai da aka ja ta can bayan tsauni.

To ga abin da ya fi ɗaukar hankalina. A rubuce, labarin ya nuna Ardo ya hana a yi wa shanunsa allurar ciwon huhu don rashin sani, sai Dokta ya zo ya wayar masa da kai. Da aka fassara wa dattijon da Fulatanci, dariya ya yi. Ya ce tun kafin a ga sirinji a ƙasar nan, iyayensu suna yankar ɗan huhun saniyar da ciwon ya kashe, su tsaga fatar karan hancin mai lafiya su cusa, don kada ta kamu. Wannan gaskiya ne, tsohuwar dabara ce da aka sani a wurin makiyayan Afirka ta Yamma. Ya ce abin da ke sa mutum ya ɓoye garke daban ne. Mai allura yana ƙirga kai, kuma tun zamanin Turawa inda ƙirge ya shiga, jangali na biye. Ga shi Bafulatani ba ya son faɗin yawan shanunsa. Sannan allurar huhu takan sa wurin ya kumbura, wani lokaci kumburin ya yi muni. Wanda ya taɓa ganin haka a jikin karsanarsa, ba za ka kira tsoronsa jahilci ba.

Ni dai a ganina gyaran nan ya ceci wasan. Mun gaji da fim ɗin da ɗan boko ne kullum mai hankali, na ƙauye kuma abin dariya. Marubucin ya zauna kan turmi ya sake fitowar gaba ɗaya, yanzu gardama ce tsakanin mutum biyu da kowannensu ya san saniya.

Ku ga wannan kula da ke ɗaure bayan babur. Ba ado ba ne, haka ainihin ma'aikatan ke yawo, ƙanƙara a ciki, domin allurar rigakafi in ta sha zafi ta tashi aiki. Irin waɗannan allurai a nan Kamaru ake yin su, a LANAVET, cibiyar haɗa allurar dabbobi ta ƙasa da ke Bokle kusa da Garwa, wadda aka kafa a 1983. A waɗancan shekarun ne kuma cutar bushiya ta yi wa shanu kisan kiyashi daga Chadi har Najeriya. Sai a 2011 aka bayyana cewa an kawar da ita daga duniya baki ɗaya. Dattawan rugar nan ba su manta ba, har an sa wata tsohuwa ta ba da labarin a cikin wasan, da bakinta, ba rubutu.

Fitowar haihuwa ce ta fi ba su wuya. Saniya ba ta naƙuda don an ce kyamara ta shirya. A Ingila, masu irin wannan shiri yanzu sukan ƙera bayan saniya na roba, ɗan wasa ya zura hannu. Nan ina kuɗin? Sai suka raba lambar waya a rugage, duk wanda saniyarsa ta fara, ya kira ko tsakar dare ne. Dabarar ita ce, fuskar da za ku gani tana gumi ta jarumin ce, an ɗauke ta daban. Hannun da ke cikin saniya kuwa na likita ne na gaske, wani ma'aikaci da ke ba su shawara. Shi ne ma ya koya wa jarumin yadda ake kama hanci da ƙaho, da yadda ake tsayawa gefe don gudun harbi.

Harshe kuma abin kallo ne. Darakta na ba da umarni da Faransanci, 'yan wasa na Hausa, masu shanu na Fulatanci, wani yaro ɗan makaranta na tsakiya yana tafinta har muryarsa ta dushe.

Ga hadari can ya haɗo ta gabas, suna ta lulluɓe kaya da leda. Inna ta aiko mana da kindirmo, bari in ajiye wayar nan in karɓa da hannu biyu. Da la'asar in garke ya dawo za a ɗauki fitowar allurar.