Yadda ake kankare tsatsar sifok na mashin a yi masa fenti

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Yau aikin da ke gabanmu sifok ne, wato wayoyin nan na ƙafar mashin da suka riƙe rim da hob na tsakiya. Ga ƙafar nan na ciro na ɗora a kan benci, ku duba yadda ta koma, wani wurin ja wani wurin kuma fari-fari kamar an barbaɗa toka. Wannan farin ba datti ba ne, yawancin sifok ƙarfe ne da aka lulluɓe da zink, to zink ɗin shi ke fara lalacewa ya kare ƙarfen, in ya ƙare sai ruwa da iska su samu ƙarfen tsirara, nan ne jar tsatsa ke fitowa.

To kafin ka taɓa samfefa ko gwangwanin fenti, tsaya tukuna, dan Allah ka saurari wannan don shi ya fi komai muhimmanci a darasin nan. Ɗauki sifana ƙarama ka bi sifok ɗin ɗaya bayan ɗaya kana ƙwanƙwasawa. Yawancin ƙafafun mashin sifok 36 ne, wasu 32 wasu 40, ka fara daga bawul ka zagayo ka dawo kansa don kar ka tsallake ko ɗaya. Kun ji wannan? Tin, tin. Wannan lafiyayye ne, a ɗaure yake. Ji wannan kuma... ƙub. Ya saki ke nan. Wanda ya saki ana iya ɗaure shi, amma wanda tsatsa ta ci har ya sirance ko ya yi ramuka masu zurfi, musamman nan wajen lanƙwasar da ta shiga hob ko can wajen zaren noti, wannan ba na fenti ba ne, na canzawa ne. A nan guraren biyu sifok ya fi karyewa. Wallahi raina yana ɓaci in na ga an fesa baƙin fenti a kan sifok da ya rube, ƙafa ta yi sheƙi, mutum ya ɗauki iyalinsa ya hau titi, sifok ɗaya ya tsinke sauran su ɗauki nauyin da ba nasu ba, rim ya fara rawa. Ni a wannan ƙafar guda 2 na samu haka, ga su na ɗaura musu tef, sababbi zan sa.

Yauwa. In kana da hali ka cire taya da tub gaba ɗaya, ya fi, saboda akwai robar nan da ke kwance a cikin rim tana rufe kawunan noti, in ka ɗaga ta sau da yawa za ka tarar da tsatsa ta yi gida a ƙasa, ita ce ma ke huda tub mutum yana ta faci bai san dalili ba. In ba za ka cire ba, to ka sace iskar ka tura tayar baya kaɗan, anjima zan nuna yadda ake kare ta.

Farko wanki. Ruwa da sabulu da buroshi, ka fitar da laka da giris ɗin da cen ke watsawa, ƙafar baya ta fi yin wannan. Kar ka antaya ruwa cikin boris, toshe shi da tsumma. Daga nan ka ɗiga ɗan man sassauta tsatsa a kan kowane noti ka bar shi ya sha, ka gwada da sifanar sifok ka ga yana motsi, duk ɗaurin da za a yi a yi shi yanzu kafin fenti, in ba haka ba sifana za ta kwaile maka aikin.

Sai kankara, kuma nan aikin yake, babu gajeriyar hanya. Fara da buroshin ƙarfe ka zubar da ɓawon tsatsar. Sannan ka yanka samfefa mai lamba 180 ko 220 siriri-siriri kamar faɗin yatsa, in ka samu mai bayan ƙyalle ta fi don ba ta yagewa. Ku duba hannuna, na zagaya ta bayan sifok, na kama bakin nan da bakin nan, sai in riƙa ja dama hagu, dama hagu, ina sauka daga rim zuwa hob. Ka ga ta haka har bayan sifok ɗin da ido baya gani tana ci. In ka gama wannan fuskar ka juya ƙafar ka sake. Inda sifok biyu suka gitta juna nan ne wahala, ka ɗan ja ɗaya da yatsa ka cusa samfefar tsakani, can cikin hob kuma inda yatsa baya shiga ka naɗe soson ƙarfe a bakin sukundireba. Zai ɗauke ka awa biyu ko fiye a ƙafa ɗaya, kar ka ƙosa, sa gilashin kare ido saboda wayar buroshi tana tsalle. In ka gama ka bi da lamba 400 don ya yi santsi.

Af, na manta, in sifok ɗinka mai kurom ne, wato mai rufin nan mai sheƙi kamar madubi, kuma tsatsar ɗigo-ɗigo ce kawai a sama, kar ka sa masa samfefa, dunƙule takardar alminiyom ka jiƙa da ruwa ka goga, za ta fita, ba sai an yi fenti ba ma.

Duk yadda ka kankare akwai tsatsar da za ta maƙale cikin ƙananan ramuka. Wasu suna amfani da finiga, ruwan tsamin nan na girki, tana yi, amma tana cin ragowar zink ɗin, kuma dole ka ɗauraye da ruwan da aka dama da bekin soda, farar hodar nan ta girki, ka busar nan take in ba haka ba kafin ka juya ƙarfen ya sake yin ja. Ni na fi son maganin tsatsa mai asid ɗin fosforik, ka shafa da ƙaramin buroshi, zai juyar da tsatsar ta koma baƙi-baƙi, wannan baƙin fenti yana kama shi sosai. Sa safar hannu, kar ya taɓa hob in na alminiyom ne, kuma ka bi lokacin da aka rubuta a jikin robar.

To yanzu ga inda mutane da yawa ke zubar da wahalarsu. Maiƙo. Man nan da muka ɗiga a noti, giris, har gumin hannunka, duk suna hana fenti zama, za ka fesa ka ga yana gudu yana barin ƙananan idanu. Jiƙa tsumma mai tsabta da tina, ruwan tsinka fenti, ka goge kowane sifok, ka canza tsumma, ka sake gogewa har sai tsumman ya fito fari. Kar ka yi da kananzir ko man dizal, su kansu suna barin maiƙo. Daga nan ba ka ƙara taɓa sifok da hannu.

Rufewa. Tef na takarda da jarida, ka rufe cikin kwanon birki ko faifan birki in diski ne, ka rufe boris, ka rufe bawul. Fenti a wurin birki haɗari ne, ba wasa. Tayar kuma ka yanka kwali ƙanana kamar kati ka jera su tsakanin rim da taya zagaye. Zaren da ke bakin noti ma ina naɗa masa siririn tef, don gobe in ana son ɗauri ya juya.

Firaima, wato fentin ƙasa da ake fara sawa kafin kala. Ka nemi wadda aka rubuta tana kama ƙarfe mai zink, saboda fentin mai na yau da kullum in ya hau zink kai tsaye bayan ɗan lokaci sai ya riƙa ɓarewa kamar fata. Zura sanda a tsakiyar hob ka ɗora a kan kujeru biyu yadda ƙafar za ta juya. Girgiza gwangwani minti 2 cur, ka sa takunkumi, a waje mai iska amma inuwa, ba cikin rana ba don ƙarfe mai zafi yana busar da fenti kafin ya kwanta, kuma nesa da wuta ko sigari. Tazara kamar santimita 20 zuwa 30. Ku kalla, ina juya ƙafar a hankali ina fesawa fis, fis, ba na tsayawa wuri ɗaya. Shafin farko har kana hango ƙarfen ta ciki, haka ake so, sifok siriri ne in ka cika masa zai yi hawaye ya taru a gindin noti. Fesa daga wannan gefen, koma wancan, sannan ka karkata hannu ka samo bayansu.

Bayan minti 10 zuwa 15 ka ƙara shafi na biyu. Sai kalar da kake so, baƙi ko ruwan azurfa, shafi 2 ko 3 marasa kauri, ni baƙi na zaɓa don ya fi ɓoye tabon ramukan. Karanta gwangwaninka da kyau, da yawansu za su ce ka ƙara shafi cikin awa ɗaya ko kuma ka jira awa 48, in ka fesa a tsakiyar wannan lokacin fentin sai ya yamutse. Kuma firaima da fenti su zama na kamfani ɗaya in da hali.

Cire tef tun fentin bai gama ƙanƙamewa ba, a hankali. Sannan ka bar ƙafar ta kwana biyu aƙalla, ko ka taɓa ka ji ya bushe cikinsa da saura. Inda sifok suka gitta juna fentin zai ɗan goge da tafiya, wannan ba makawa, ka riƙa ɗiga masa ɗan mai bayan wanki.

In ka zo mayarwa sa sabuwar roba a cikin rim, ka juya ƙafar ka ga ko tana rawa, in tana yi ka kai wa mai gyaran rim ya daidaita, ka matsa birki sau da yawa kafin ka hau. Bari in je in ciro ƙafar gaba, ita ma haka za mu yi mata, sai mun haɗu a darasi na gaba in sha Allah.