Ƙunshin ƙarin ƙwazo a motar gudu: ko kwalliya na biyan kuɗin sabulu?

Jama'a, barkanmu da warhaka. Duk wanda ya taɓa zama zaɓen sabuwar motar gudu, ko da a shafin kamfani ne a intanet, ya san inda hannu ke tsayawa. An gama zaɓen launi, an zaɓi kujeru, sai ga wani layi yana cewa ka ƙara kuɗi kaza a saka maka ƙunshin ƙarin ƙwazo. Chevrolet na kiran nasu Z51, Porsche na da Sport Chrono, Ford ma na da nasu a kan Mustang. Yau za mu buɗe wannan ƙunshi mu ga abin da ke ciki, sannan mu ga wa ya dace ya biya, wa kuma ya dace ya bar kuɗinsa a aljihu.

Mutane da yawa na zaton ƙarfin inji ake ƙara musu. Ku dubi Corvette ta 2020, motar Chevrolet wadda aka mayar da injinta bayan direba. Injin V8 ne mai lita 6.2, yana ba da ƙarfin doki 490. Idan an saka Z51 sai ya koma 495. Doki biyar kacal, su ma daga canjin salansa suka fito. Babu direban da zai iya rantsewa ya ji bambancin doki biyar a cikin kusan ɗari biyar. Abin da zai fi ba ku mamaki, iyakar gudun motar ma raguwa take yi, daga kimanin kilomita 312 a awa zuwa kimanin 296, domin fiffiken da ƙunshin ke zuwa da shi don danne ta a ƙasa yana kuma sa iska ta ƙara riƙe ta.

To me mutum ya saya ke nan? Juriyar zafi ya saya. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci rabin zancen.

Mu ɗauki birki. Aikinsa shi ne ya mayar da gudun mota ya zama zafi. Kuma zafin ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu: idan ka ninka gudu sau biyu, zafin da birki zai sha ninkuwa yake sau huɗu. A kan titi, ka taka birki da ƙarfi sau ɗaya, sai ka yi tafiyar mintuna iska na hura faifan yana hucewa. A filin tsere babu wannan hutun. Kowace kwana birki ne mai tsanani, kafin faifan ya huce wata kwanar ta iso. Bayan 'yan zagaye sai wani ƙauri ya fara shigowa cikin mota. Fedar da ɗazu take da tauri ta fara yin laushi a ƙarƙashin ƙafa, kana takawa tana ƙara nutsewa, motar kuma ba ta rage gudu yadda ta saba. Man birki ne ya tafasa, kumfa ta shiga bututu, ita kuwa kumfa matsewa take yi maimakon ta tura birki. Man birki samfurin DOT 4, ƙa'idarsa kada ya tafasa ƙasa da digiri 230 yana sabo, amma idan ya tsufa ya tsotsi danshi, ƙa'idar na sauka zuwa 155. Manyan faifai da hanyoyin shigar iska da ke cikin ƙunshin, wannan masifar suke jinkirtawa.

Amma ku lura da kyau. A tsayawa ɗaya ta gaggawa, irin wadda yaro ya faɗo titi, babban birki ba ya rage tazarar tsayawa sosai. Birkin da motar gudu ta zo da shi daga kamfani ya riga ya fi ƙarfin riƙon tayarta, shi ya sa na'urar ABS ke shiga tana sassautawa don kada ƙafafu su ƙulle. Taya ce ke yanke hukunci a nan. Duk dillalin da ya ce maka babban birki zai ceci ranka a kan titin gari, ya faɗi abin da ya wuce gaskiya.

Haka zancen yake wajen sanyaya inji. Z51 na zuwa da ƙarin lagireto. Idan bakin mai ko man giya ya yi zafi fiye da kima, kwamfutar mota na rage ƙarfi da kanta don ta kare injin. Wanda ke zuwa ofis ya dawo ba zai taɓa kai motar nan wannan matakin ba. Wanda ke zagaye filin tsere da tsakar rana kuwa zai kai ta, kuma ba da daɗewa ba. Kamfanin da kansa ya rubuta a littafin motar cewa wadda ba ta da Z51 ba a so a shiga filin tsere da ita.

Yanzu mu zo kan taya, domin ita ce mai ruɗar mutane a wajen gwaji. Corvette ɗin da ba ta da ƙunshi na zuwa da tayar Michelin ta kowane yanayi, mai Z51 kuma da Pilot Sport 4S, tayar lokacin zafi mai laushin roba. Ka tuƙa wannan, ka tuƙa waccan, sai ka ji mai ƙunshin tana shan kwana kamar an manne ta, sitiyarin na amsa maka nan take. Sai ka ce lallai ƙunshin ya yi. Alhali mafi yawan abin da ka ji taya ce, ita kuwa taya abar canzawa ce. Ko ba jima ko ba daɗe za ta cinye, kuma ranar canji kana iya saka duk wadda kake so. Tayar zafi ma tana da nata sharuɗɗan. Idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7 robarta na ƙandarewa, riƙonta ya ragu. Akwai kuma ƙunshin da ke zuwa da tayar da ta fi wannan tsanani, kamar Pilot Sport Cup 2, wadda zanenta ba shi da zurfi. A busasshen fili babu kamarta, amma idan ruwa ya kwanta a titi sai an yi kaffa-kaffa, ga saurin cinyewa.

Wannan ya kawo mu ga ma'aunin da nake ganin ya fi kowane amfani. Ka karɓi jerin kayan ƙunshin, ka raba su gida biyu: waɗanda za a iya sakawa daga baya, da waɗanda sai dai a haɗa su a masana'anta. Taya, man birki mai jure zafi, da salansa, duk bakanike nagari zai canza maka su kowace rana. Waɗannan ba su isa su sa ka sayi ƙunshi ba. Na gida na biyun su ne masu daraja.

Na farkonsu shi ne na'urar da ke raba ƙarfin inji tsakanin ƙafafun baya biyu. A kwana, nauyin mota na kwantawa a kan ƙafar waje, ta ciki ta yi sakayau. Idan na'urar ta yau da kullum ce, kana taka totur sai ƙafar cikin ta fara juyawa a banza, ƙarfi na zubewa. Wadda kwamfuta ke sarrafawa kuwa tana ɗaure ƙafafun biyu gwargwadon buƙata, ta sassauta yayin shiga kwana, ta ɗaure yayin fita. Tana haɗe da ƙwaƙwalwar motar baki ɗaya, don haka saka ta daga baya ba ƙaramin aiki ba ne, kuma yana iya jawo jayayya kan garanti.

Na biyu shokazoba. A nan ake yawan yin nadama, shi ya sa nake so ku tsaya ku saurara. Ƙunshin ƙwazo yakan ƙara wa sifirin tauri, wani lokacin ya ƙara saukar da mota ƙasa, ya saka mata leɓe a gaba. A kan shimfiɗaɗɗen fili abin sha'awa ne. A kan titi mai ramuka da tudun rage gudu, kowane gargada sai ya iso ƙashin bayanka, leɓen gaban kuma yana gurzar ƙasa a kowace mashiga. Motar da ka saya don jin daɗi sai ta koma wadda kake jin ƙyuyar fito da ita. Maganin wannan shi ne shokazoba mai sauya taurinta da kanta. Irin wadda General Motors ta fara sakawa a Cadillac a 2002, ruwan cikinta na ɗauke da ɓarɓashin ƙarfe, maganaɗisu na ƙara masa kauri ko ya sassauta shi cikin ƙiftawar ido. Idan da za a ce in zaɓi abu guda don mai tuƙin yau da kullum, wannan zan zaɓa, domin amfaninsa kullum ne, ba sai ranar tsere ba. Daga 2021 ma Chevrolet ta bari a saya shi shi kaɗai ba tare da Z51 ba. Ka tambaya ko abin da kake so ana sayar da shi a ware, kafin ka kwashi ƙunshi duka.

Birkin kabon da yumɓu, wanda Porsche ta fara kawowa a farkon shekarun 2000 mai kalifa (mamatsin faifan birki) ruwan ɗorawa, shi nasa labarin a juye yake. Faifansa kusan rabin nauyin na ƙarfe ne, ba ya baƙanta wili da ƙura, kuma a tuƙin titi yana daɗewa ƙwarai. Amma idan ya cinye ko tsakuwa ta ɓantare gefensa, kuɗin canji ya ninka na ƙarfe sau da yawa. Shi ya sa za ka ga masu yawan zuwa filin tsere suna cire shi su adana, su saka na ƙarfe. Abin da aka tallata don tsere, ga shi ya fi yi wa mai tuƙin titi rana.

Akwai kuma ƙunshin da nishaɗi zalla yake sayarwa, kuma ban ga laifin haka ba. Sport Chrono na Porsche na kawo agogon awon lokaci a gaban mota, da maɓalli a sitiyari wanda ke ba ka iyakar kuzarin motar na daƙiƙa 20, da tsarin da ke sa mota ta fizga da iyakar sauri daga tsaye. A 911 Carrera samfurin 992 na farko, yana rage lokacin kaiwa kilomita 100 daga daƙiƙa 4.2 zuwa 4.0. Babu inda wannan tazarar za ta kai ka da wuri. Amma idan danna maɓallin nan zai sa ka farin ciki duk ƙarshen mako, kuma kuɗin ba zai taɓa wata buƙata ta gida ba, dalili ne mai kyau. Motar gudu dama don jin daɗi ake sayenta. Abin da ba na so shi ne mutum ya saya yana zaton tsaro ko larura ya biya wa.

Dillalai kan ce za ka mayar da kuɗinka ranar sayarwa. Da ƙamshin gaskiya, domin masu neman irin waɗannan motoci na hannu suna tambayar ƙunshin, kuma mai shi takan fi saurin samun mai saye. Sai dai wani ɓangare ne ke dawowa, ba duka ba, kuma kafin ranar ka riga ka biya tsadar tayoyi da kayan birki masu girma. Idan kai ne mai sayen ta hannu, a nan ƙunshin ya fi araha, amma ka sa a duba faifan birki da gefen tayoyi da kyau, don mai yiwuwa ta sha zagaye a fili.

Saboda haka, idan har ka san za ka riƙa shiga filin tsere, ko da sau kaɗan ne a shekara, saya ƙunshin ba tare da dogon tunani ba, musamman don sanyaya inji da na'urar raba ƙarfi. Ka kuma karanta takardar inshorarka, domin galibi ba ta biyan haɗarin da ya faru a filin tsere. Idan kuwa a titi motar za ta ƙare rayuwarta, ka nemi a ba ka duka biyun, mai ƙunshi da marar ƙunshi, ka gwada, kuma kada ka yarda da santsin hanyar da dillali ya zaɓa. Ka bi da su ta hanya mafi muni da kake bi kullum, tare da wanda zai riƙa zama a gefenka. Idan mai ƙunshin ta gajiyar da ku, ka ɗauki ɗayar, ka saka mata tayoyi masu kyau, ragowar kuɗin kuma ka biya horon tuƙi a fili tare da ƙwararren malami a kujerar gefe.